Wane Ne Ke Tsaya wa Mai Bi a Gaban Allah?

Zuwa ga Edita,

Bayan gaisuwa mai yawa da fatan alheri gare ka da dukan ma'aikatan wannan jarida, ina roƙon ka ba ni fili in yi magana a kan wani al'amari na addinin Kirista wanda ya daɗe yana ci mini tuwo a ƙwarya. Na san mafi yawan masu karanta wannan shafi Musulmi ne, ina kuma girmama su ƙwarai, amma akwai ɗimbin Kirista waɗanda da Hausa suke sujada, da ita suke waƙa, da ita kuma suke karanta Littafi Mai Tsarki tun daga 1932 da aka fara buga shi cikakke da harshenmu, bayan doguwar wahalar da Likita Walta Mila na Zariya da abokan aikinsa suka sha. Daga Wusasa zuwa Kagoro, daga Numan zuwa Garkida, har Maraɗi a Jamhuriyar Nijar, akwai masu bi da wannan magana ta shafa, su nake nufi da farko, ko da yake ina fata maƙwabtanmu ma za su ƙaru da sanin abin da muka gaskata.

Abin da ya sa na ɗauki alƙalami shi ne, ranar Alhamis ta tunawa da hawan Yesu Almasihu sama, wadda ke zuwa kwana 40 bayan Ista, wato bikin tashinsa daga matattu, ta zo ta wuce a majami'armu ba wanda ya ko ambace ta. Muna ɗinka sababbin kaya domin Kirsimeti, muna cika majami'u ranar Juma'ar gicciye da Lahadin tashi daga matattu, amma da wuya ka ji an tsaya an tambayi ikkilisiya abin da Almasihu yake yi yanzu, tun da ya koma wurin Allah Uba. Amsar da Littafi ya bayar a fili take: yana roƙo domin waɗanda suke nasa. A ganina, sakacin da muka yi da wannan koyarwa shi ne ya buɗe ƙofar da tsoro ya shiga zukatan masu bi da yawa, shi ne kuma ya ba 'yan kasuwar addu'a wurin baza hajarsu.

Harshenmu yana da wata baiwa a nan wadda ya kamata mu lura da ita. Idan ɗan'uwa Musulmi ya ce ceto, sau da yawa yana nufin tsayawar mai ceto a ranar Alƙiyama domin ya roƙa wa mutane rahama, da iznin Allah, bayanin wannan kuwa na malamansu ne, ba nawa ba. Idan Kirista ya ce ceto, yakan nufi kuɓuta daga zunubi da hukuncinsa. Kalma ɗaya ce ta ɗauki ma'ana biyu, a koyarwar Kirista kuwa ma'anonin nan biyu ba sa rabuwa, domin wanda ya cece mu a kan gicciye shi ne kuma yake tsaye yana cetonmu a gaban Uba, ba sai ranar ƙarshe ba, a yau ɗin nan da muke ciki. Wasiƙa zuwa ga Ibraniyawa 7:25 ta haɗa su a aya guda, inda ta ce yana da ikon ceton masu kusatar Allah ta wurinsa har matuƙa, dalili kuwa shi ne yana raye har abada domin ya yi roƙo saboda su.

Bari in faɗi abin da ya faru a gidanmu, domin shi ya sa maganar ta tashi daga karatu ta zama nauyi a zuciyata. Gwaggona ta yi fiye da shekara 40 a Zumuntar Mata, ba ta iya karatu sosai ba, amma ta haddace waƙoƙin sujada masu yawa, ba a kuma taɓa rashi ko haihuwa a unguwa ba ta je ba. Da ciwon ajali ya kwantar da ita bara, wani mutum mai kiran kansa annabi ya zo dubiya, ya ce wai an nuna masa a wahayi cewa sunanta ya goge daga Littafin Rai, inda aka rubuta sunayen cetattu, saboda wani alhaki na kakanninta, kuma ba abin da zai mayar da shi sai shi ya shiga azumi ya tsaya mata. Ya yanka kuɗin tsayawar, ya haɗa da na kwalbar mai. Ta sa aka sayar da awakinta biyu aka ba shi, ba tare da ta gaya wa kowa a cikinmu ba. Da na je gaishe ta bayan kwana uku, sai ta riƙe hannuna tana rawar jiki, ta ce, "Ɗana, in na mutu a daren nan, za a karɓe ni kuwa?" Na yi shekaru ina dattijo a ikkilisiya, na sha jin tambayoyi masu wuya, amma ban taɓa jin wadda ta soke ni kamar wannan ba, domin laifin ba na mayaudarin nan kaɗai ba ne. Namu ne mu da muka bar mace mai aminci ta tsufa a cikinmu ba ta san wanda yake tsaya mata ba.

Na buɗe mata Luka 22:31-32, inda Ubangiji ya yi wa Siman Bitrus magana a daren da aka bashe shi. Ya gaya masa Shaiɗan ya nemi izni ya sheƙe su kamar alkama, amma shi ya yi masa addu'a kada bangaskiyarsa ta ƙare, in kuma ya juyo, sai ya ƙarfafa 'yan'uwansa. A Helenanci, harshen da aka rubuta Sabon Alkawari da shi, kashin farko na maganar jam'i ne, na biyun kuwa tilo, Hausa kuma tana iya nuna wannan sarai: ku Shaiɗan ya nema, amma kai na roƙa wa. Gwaggo ta san sheƙa fiye da ni, ta yi ta tun tana yarinya a masussuka. Na ce mata, "Gwaggo, ki duba, Ubangiji bai hana a sheƙe Bitrus ba. An ɗaga shi sama, iska ta kaɗa shi, ya yi musun Ubangijinsa har sau uku kafin zakara ya yi cara. Amma ƙaiƙayi ne ya tafi, tsabar ta faɗo cikin ƙwarya." Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da aka yi roƙon. Tun Bitrus bai faɗi ba, tun yana cika baki cewa a shirye yake ya bi Yesu kurkuku har ma ga mutuwa, an riga an roƙa masa. Ba hawayensa ne suka jawo roƙon ba, roƙon ne ya jawo hawayen tuba, shi ne kuma ya kai shi bakin Tekun Tibariya inda aka mayar da shi bakin aikinsa, kamar yadda Yahaya sura 21 ta ba da labari.

Domin a gane nauyin wannan roƙo, sai an koma ga Tsohon Alkawari. Littafin Firistoci sura 16 ya nuna cewa sau ɗaya tak a shekara, a rana ta 10 ga wata na 7, babban firist yake wuce labule ya shiga Wuri Mafi Tsarki da jinin hadaya, kuma dole ne ya fara yin kafara domin zunubin kansa da na gidansa kafin ya yi domin jama'a. Littafin Fitowa sura 28 ya bayyana tufafin hidimarsa, inda aka zana sunayen kabilu 12 na Isra'ila a kan duwatsu biyu a kafaɗunsa, aka kuma jera duwatsu 12 a ƙirjinsa, kowane dutse da sunan kabila guda, domin ya riƙa ɗauke da su a gaban Ubangiji. Amma firistocin nan mutane ne, mutuwa tana ɗauke su ɗaya bayan ɗaya, hadayarsu kuma sai an yi ta maimaitawa, har Romawa suka rushe Haikalin Urushalima a shekara ta 70 bayan haihuwar Almasihu, hidimar ta tsaya. Marubucin Ibraniyawa ya lura da wani abu da mai karatu da gaggawa zai iya tsallakewa: a sura 10 ya ce kowane firist a tsaye yake kullum yana miƙa hadayun da ba sa iya kawar da zunubi, amma Almasihu, da ya miƙa hadaya guda domin zunubai har abada, sai ya zauna a hannun dama na Allah. Ma'aikaci ba ya zama sai aiki ya ƙare. Saboda haka roƙon da yake yi yanzu ba sabuwar hadaya ba ce, ba kuma lallashin Uba ba ne kamar mai lallashin sarkin da ya fusata, domin Uban da kansa ne ya aiko Ɗan saboda ƙaunar da ya yi wa duniya. Roƙon shi ne kasancewarsa a can, da jikinmu na 'yan Adam, yana gabatar da aikin da ya gama a madadin waɗanda yake ɗauke da sunayensu.

Mu Hausawa mun san kamun ƙafa. Mai neman aiki yakan nemi wanda zai kai shi, mai ƙara a fada yakan nemi bafaden da zai isar da maganarsa, wanda aka tsare kuma yakan nemi mai tsaya masa a ba da belinsa. Mukan ce mai uwa a gindin murhu ba ya cin tuwonsa gaya. Wannan al'ada ce ta sa ya yi mana sauƙi mu yarda cewa sai mun sami wani na kusa da Allah kafin a saurare mu, nan ne kuma mayaudara suke kama mu. Amma 1 Timoti 2:5 ta ce Allah ɗaya ne, matsakanci kuma ɗaya ne tsakanin Allah da mutane, wato Almasihu Yesu, 1 Yahaya 2:1 kuma ta ce in wani ya yi zunubi muna da Mai Taimako a wurin Uba. Ba a ce in wani ya yi kirki ba, an ce in ya yi zunubi, wato a daidai lokacin da ya fi jin kunyar ɗaga kai. Wanda yake da irin wannan mai tsayawa, me zai kai shi sayen tsayawar ɗan Adam da kuɗin awaki? Sa'ad da Siman mai sihiri ya miƙa wa manzanni kuɗi a Samariya domin ya sayi baiwar Allah, Ayyukan Manzanni sura 8 ta nuna yadda Bitrus ya tsawata masa da kakkausar murya, ya ce kuɗinsa su hallaka tare da shi. Ba ina cewa mu daina yi wa juna addu'a ba. Ibrahim ya roƙa wa Saduma tun daga adalai 50 har ya sauko zuwa 10, Musa ya tsaya wa Isra'ila bayan sun yi ɗan maraƙin zinariya, Wasiƙar Yakubu sura 5 kuma ta umarci marar lafiya ya kira dattawan ikkilisiya su yi masa addu'a su shafa masa mai. Amma addu'ar ɗan'uwa kyauta ce, ta wurin Almasihu take bi, ba ta kuma rubuta suna ko goge shi a Littafin Rai.

Akwai kuma roƙo na biyu da manzo Bulus ya ambata a Romawa 8:26-27, wato na Ruhu Mai Tsarki, wanda yake taimakonmu cikin rashin ƙarfinmu sa'ad da ba mu san abin da ya kamata mu roƙa ba, yana roƙo dominmu da nishe-nishen da ba sa faɗuwa da baki. Na tuna da wannan a kwanakin da Gwaggo ta kasa haɗa kalma biyu na addu'a, sai nishi kawai. A cikin surar nan guda, Ruhu yana roƙo a cikin mai bi, Ɗan yana roƙo a hannun dama na Uba, Uban kuwa shi ne mai kuɓutarwa, shi ya sa Bulus ya tambaya ko wa zai kawo ƙara a kan zaɓaɓɓun Allah, ya kuma rufe da cewa ba mutuwa, ba rai, ba wata halitta da za ta iya raba mu da ƙaunar Allah da ke cikin Almasihu Yesu.

Gaskiya ce Kirista ba su zama baki ɗaya ba a kan iyakar wannan tabbaci na ceto, ba kuma zan ɓoye hakan ba. Matin Luta, wanda gardamarsa da shugabannin ikkilisiya ta ɓarke a Jamus a 1517, ya yi shekaru a gidan sufaye yana azabtar da kansa da tambayar ko Allah ya karɓe shi, har ya huta a kan cewa ta wurin bangaskiya ake samun kuɓuta. Majalisar Katolika da ta zauna a Tirent, a arewacin Italiya, ta yanke a 1547 cewa bai kamata mai ibada ya yi shakkar jinƙan Allah ko isar aikin Almasihu ba, amma in mutum ya dubi rauninsa, ba zai iya sani da tabbacin da ba kuskure a cikinsa cewa ya sami alherin Allah ba. Taron da mabiya koyarwar Jon Kalbin suka yi a Dot ta ƙasar Holan daga 1618 zuwa 1619 ya tsaya a kan cewa Allah yana kiyaye nasa har ƙarshe, ko da sun yi mummunar faɗuwa ko sun yi fama da shakka. Jon Wesli kuwa, mai wa'azi ɗan Ingila, wanda ya shaida cewa a wani taro a Landan ranar 24 ga Mayu 1738 ya sami tabbacin an ɗauke zunubansa, ya koyar da cewa mai bi yana iya sanin yana cikin ceto yau, amma yana iya juya baya ya bar shi. Dukan waɗannan koyarwa suna nan da rai a majami'unmu na Arewa, ko da yake yawancinmu ba mu san daga inda suka taso ba. Abin da ya faranta mini rai shi ne, a ranar 31 ga Oktoba 1999 wakilan Katolika da na ƙungiyar Lutarawa ta duniya, wadda ikkilisiyar Lutarawa da ke da cibiya a Numan take cikinta, sun sa hannu a wata sanarwa a Jamus inda suka yarda tare cewa mai bi, duk da rauninsa, yana iya dogara ga jinƙan Allah da alkawarinsa. Ni dai ina tare da masu cewa wanda Almasihu ya riƙe ba mai fizge shi daga hannunsa, bisa ga Yahaya 10:28-29, amma ban ga ko ɗaya daga cikin ɓangarorin nan da ya koyar da cewa ana sayen tabbaci a hannun mutum ba. 'Yan'uwanmu Katolika ma, da suke neman addu'ar Maryamu da tsarkaka, koyarwarsu ta ce wannan duka daga matsakancin nan guda yake samun ƙarfinsa.

Na san abin da wasu za su ce, Musulmi da Kirista duka, domin an sha faɗa mini: in mutum ya tabbata ya tsira, me zai hana shi sheƙe ayarsa? Tambaya ce mai nauyi, kuma halin waɗansunmu ne ya ba ta ƙarfi. Akwai wanda ya ɗaga hannu a taron bishara shekara 20 da suka wuce, aka rubuta sunansa a katin baftisma, tun daga nan yake cin amana, yana danne haƙƙin marayu, yana kuma cewa ai shi cetacce ne. Irin wannan ba tabbaci ba ne, ganganci ne. Ubangiji da kansa ya yi gargaɗi a Matiyu 7:21-23 cewa ba duk mai ce masa Ubangiji, Ubangiji ne zai shiga Mulkin Sama ba, har da waɗanda za su ce sun yi annabci da mu'ujizai da sunansa. Wasiƙar Yahaya ta fari, wadda ta ce a 5:13 an rubuta ta ne domin masu ba da gaskiya su san suna da rai madawwami, ita ce kuma ta ce wanda ya ce ya san shi amma bai kiyaye umarninsa ba maƙaryaci ne, ta kuma sa ƙaunar 'yan'uwa ta zama alamar ƙetarewa daga mutuwa zuwa rai. In muka duba abin da Yesu ya roƙa wa almajiransa a Yahaya sura 17, za mu ga bai roƙa a ɗauke su daga duniya ba, bai kuma roƙa musu dukiya ba. Ya roƙa a kiyaye su daga Mugun, a tsarkake su cikin gaskiya, su zama ɗaya, su kuma kasance tare da shi su ga ɗaukakarsa, a aya ta 20 kuma ya haɗa da waɗanda za su ba da gaskiya ta wurin maganar manzanni, wato har da mu. Tun da tsarkakewa tana cikin abin da ake roƙa mana, wanda zunubi ba ya damunsa ko kaɗan ya kamata ya binciki kansa ko yana cikin waɗanda ake roƙa wa.

Amma ba irin wannan mutum ne ya fi yawa a kujerun majami'unmu ba. Waɗanda suka fi yawa su ne irin Gwaggona, masu taushin lamiri, waɗanda kowace faɗuwa take sa su ga kamar an kore su daga gida. Su nake so fastocinmu da masu bishara da shugabannin Zumuntar Mata su tuna da su. Jaririn da ke goye yakan kama rigar uwarsa, wani lokaci kuma barci ya kwashe shi ya saki, amma ba kamunsa ne yake riƙe da shi ba, majanyin da uwar ta ɗaure ne. In muka koya wa mutane su auna cetonsu da zafin addu'arsu ta jiya, ko da yawan baikon da suka bayar, ko da yadda suka ji a jikinsu lokacin waƙa, to, za su kwana da tabbaci su tashi babu, duk mai wayon da ya zo da kwalbar mai kuma zai same su a shirye. Ina roƙon makarantun Littafi Mai Tsarki da suke horar da ma'aikatanmu da Hausa su ba wasiƙar Ibraniyawa lokacin da ya dace da ita, majalisun dattawa su riƙa sanin masu shiga gidajen marasa lafiyarsu da sunan addu'a, a kuma ware ko da Lahadi guda bayan ranar hawan Almasihu sama domin a yi wa'azi a kan aikin da yake yi yanzu.

Gwaggo ta yi wata huɗu bayan wannan zance kafin ta rasu. A cikin watannin nan ta sa jikokinta sun karanta mata Luka 22 da Romawa 8 sau da yawa har ta haddace wasu ayoyin, ta kuma aika a gaya wa mutumin nan cewa ta yafe masa kuɗin awakin, amma kada ya ƙara zuwa. Daren da ta cika ina zaune kusa da ita tare da matan zumunta biyu. Na sunkuya na tambaye ta ko tana jin tsoro, sai ta girgiza kai, ta ce a hankali, "Ɗana, ai an roƙa mini."

Na gode da filin da ka ba ni, Allah ya ƙara wa jaridar nan albarka.

Naka,
Wani dattijon ikkilisiya,
daga Zariya, Jihar Kaduna.